Matattun jiragen Ikeja: a yanka a ɗora kan sikeli, ko da wata hanya?

Garba_Owode:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka san harkar jirgin sama. Ni ɗan gwangwan ne, shekara goma sha shida ke nan ina Owode Onirin. Na yanka tirela, na yanka janareton kamfani, har tankin mai na yanka. Makon jiya wani dillali ya kawo min magana, wai akwai gangar jikin wani tsohon jirgi da masu shi suke so su rabu da ita, an riga an sauke injinan. Yana so mu uku mu haɗa kuɗi mu saya, mu shiga da yaranmu da giranda, mu kwashe cikin sati biyu. Lissafin kilon ya yi min daɗi, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Shin yankan jirgi ɗaya yake da yankan tirela? Sannan don Allah me ya sa ake barin jiragen nan shekara da shekaru cikin ciyawa a filin jirgin Ikeja har su ruɓe, alhali dukiya ce?

Dan_Agege77:
Wa alaikumus salam. Alhaji ka saya kawai. Komai lalacewar giwa ta fi kwando goma. Gorar ruwa ce zalla, wato alminiyom, ga wayoyin tagulla kamar a yi yaya. In ka tsaya shawara wani zai riga ka.

Injiniya_Sabo:
Alhaji Garba, Allah ya saka da alheri da ka tambaya kafin ka sa kuɗinka. Ni gyaran jirgi nake yi a nan Ikeja, kuma kai tsaye zan gaya maka: kada yaro ko ɗaya ya kunna giranda a jikin jirgin nan sai wanda ya san shi ya shiga ya fito ya sa hannu a takarda.

Tankin man jirgi cikin fukafukansa yake. Ko an ce an tsiyaye, akwai lungunan da mai yake maƙalewa, kuma kai da ka taɓa yanka tanki ka san ba man ne abin tsoro ba, tiririnsa ne. Wannan ɗaya ke nan. Akwai tukwanen iskar shaƙa na matuƙa. A saman kujerun fasinja, a jirage da yawa, akwai wasu 'yan gwangwanaye masu haɗa iskar shaƙa da sinadari, in aka taɓa kunamarsu sai su ɗau zafi fiye da digiri 200. Irinsu ne aka loda a ɗakin kaya ba tare da an toshe su ba, suka kama da wuta a jirgin ValuJet a Florida a watan Mayun 1996, mutum 110 suka mutu. Kuma tsofaffi ne da aka ciro daga wasu jiragen, wato irin abin da za ka tarar. Ƙafafun jirgi da tayoyinsa cike suke da iskar naitirojin mai matsi, taya ɗaya in ta fashe kusa da mutum tana iya kashe shi. Tukwanen kashe gobara na injin suna da ɗan abin fashewa a bakinsu. Man haidirolik ɗin da ake kira Skydrol kuwa, in ya shiga ido, Allah ya kiyaye, na ga ƙato yana birgima a ƙasa.

Sauke injin da aka yi ba ya nufin an cire ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Dan_Agege77:
Injiniya ai ka tsorata mu. To amma ba a yanka wasu a 2013 ba? Yaran unguwarmu sun yi aikin, kuma lafiya suka dawo.

Injiniya_Sabo:
An yanka. FAAN, hukumar kula da filayen jiragen sama, ita ce ta ba da umarni a lokacin, an ce jiragen da aka yasar a filayen ƙasar nan sun haura 60, fiye da goma a nan Legas. An share fili, wannan gaskiya ne, kuma ya kamata a share, don mataccen jirgi kusa da titin tashi matattarar tsuntsaye ne da macizai, kuma maɓoyar ɓarayi. Amma ɗan'uwa, dawowa gida da yamma ba shi ne lafiya ba. Koren fentin nan da ke cikin jikin jirgi yana ɗauke da sinadarin kuromiyam mai jawo ciwon daji in ana shaƙar ƙurarsa. Ƙusoshi da yawa an shafe su da kadmiyam. Wanda ya shaƙa yau, bayan shekara goma ko ashirin zai fara tari, ba wanda zai tuna da jirgi.

Maman_Hanifa:
Ku dakata. Ni abin da ya tsaya min a rai daban ne. Na taɓa jin cewa ƙarfen jiragen nan narka shi ake a yi tukwane da ludaya. Ni abinci nake sayarwa a Mile 12, manyan tukwanena duk na maƙera ne, irin na zubi. Yanzu da wannan fentin da Injiniya yake faɗa nake dafa wa mutane shinkafa?

Garba_Owode:
Hajiya ba zan ɓoye miki ba, masu zubin tukunya a wurinmu suke sayen kaya. Amma jirgi ba kullum ake samu ba. Mafi yawa fistin mota ne da kan injin da ragowar tagogi da gwangwanin lemo.

Nas_Hadiza:
Maman Hanifa tambayarki tana kan hanya. Wani bincike da aka buga a 2014 kan tukwanen zubi na Kamaru ya nuna dalma tana fita daga jikin da yawansu ta shiga abinci, musamman mai tsami irin miyar tumatir. Ba jirgi ne ya jawo ba, haɗa kowane irin ƙarfe ne a tukunyar narki ɗaya, har da abin da aka yi wa liƙi da dalma. Mu da muka ga abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara kusan 400, ba ma wasa da wannan kalma. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma yara ta fi kamawa. Shawarata kada ki bar miya ta kwana a tukunyar zubi, kuma in hali ya yi ki riƙa sauyawa a hankali zuwa na silba irin na kamfani.

Injiniya_Sabo:
Ƙari kan maganar Nas. Gorar ruwan jirgi ba zalla ba ce kamar yadda @Dan_Agege77 ya ce. Kusan kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na nauyin tsohon jirgi ita ce, amma gauraye take. Akwai mai lamba 2024 da aka haɗa da tagulla, akwai 7075 da aka haɗa da zinki. An yi su don ɗaukar nauyi a sama, ba don girki ba.

Baba_IdiAraba:
Yaro ya ambaci giwa sai ya tuna min da jirgin Nigeria Airways, mai tambarin giwa da fukafukai. A cikinsa na yi aikin hajjina na fari. Kamfanin da aka kafa a 1958, aka rufe a 2003. Duk lokacin da na bi ta Mafoluku na hango wutsiyar mataccen jirgi ta saman katanga sai raina ya sosu. Abin da ya ɗauki bayin Allah zuwa Jidda ya dawo da su lafiya, bai kamata ƙarshensa ya zama sheƙar mujiya ba.

Shamsu_Obalende:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Allah ya maimaita mana.

Lauya_Bashir:
Bari in ɗauki tambaya ta biyu ta Alhaji Garba, don na ga an bar ta. Jirgi ba ya kwanciya a ciyawa don ba mai so. Yana kwanciya ne don masu so sun yi yawa. Kamfani ya durƙushe, banki ya ce da bashinsa aka saya, hukumar fili ta ce tana bin kuɗin ajiya na shekaru, ma'aikata sun kai ƙara kan albashi, wani lokaci kuma jirgin ma na haya ne, mai shi yana Ailan ko Amurka. Kotu ta ce kowa ya tsaya. Shari'a ta yi shekara takwas, damina takwas ta sauka a kansa, ranar da aka yanke hukunci abin da ya rage bai kai kuɗin lauyoyi ba.

Akwai yarjejeniyar Cape Town ta 2001 da aka yi don mai jirgin haya ya iya karɓar abinsa da wuri in an kasa biya. Najeriya tana ciki tun da daɗewa, amma sai a Satumban 2024 Babbar Kotun Tarayya ta fitar da ƙa'idar yadda alƙalai za su riƙa aiki da ita. Wannan zai rage wa jiragen haya zama. Waɗanda kamfani ya saya da kuɗinsa kuwa suna nan inda suke.

Don haka Alhaji, kafin maganar giranda, ka nemi abu uku a hannun dillalin nan: takardar da ta nuna mai sayarwa shi ne mai jirgin, shaidar cewa NCAA, hukumar da ke sa ido kan harkar jiragen sama, ta soke rajistarsa, da takardar FAAN ta izinin shiga da fitar da kaya. In ɗaya babu, kana iya biyan kuɗi ka wayi gari da sammaci.

Garba_Owode:
Barista na gode ƙwarai. Wallahi ko ɗaya bai nuna min ba. Hoto kawai ya nuna min a waya.

Tsohon_Loda:
Abin da Lauya ya faɗa a kaina ya faru. Na yi shekara tara ina lodin kaya a wani kamfanin jirgi, ba zan kama suna ba. Ranar da aka rufe muna bin albashin wata bakwai. Aka ce mu yi haƙuri, in an sayar da jirage biyu da suka rage za a biya mu. Kullum in na je bin sawu ina ganinsu. Shekarar farko lafiya lau suke. Ta biyu tayoyi suka sace. Ta uku aka fara rasa abubuwa a ɗakin matuƙa, ba wanda ya san wa ya ɗauka. Daga baya gansakuka ta rufe gefe guda. Da aka tashi sayarwa a kilo aka sayar. Har yau ko sisi ban gani ba, abokan aikina biyu sun rasu suna jira. Shi ya sa in na ji ana cewa mataccen jirgi, ni haƙƙin mutane nake gani yana ruɓewa.

Maman_Hanifa:
Innalillahi. Allah ya bi muku haƙƙinku Baba.

Aliyu_NCAT:
Ni ɗalibi ne a kwalejin koyon harkar jiragen sama ta Zariya, na zo hutu wurin yayana a Agege. Labarin Baba Tsohon Loda shi ne ainihin darasin da ake koya mana: darajar jirgin da ya daina tashi tana zubewa ne kowace rana, kuma ba a jikin ƙarfe take ba. Mafi yawan kuɗin yana cikin injina, sai ƙafafu, sai ƙaramin injin da ke wutsiya, sai na'urorin ɗakin matuƙa. Gangar jikin da Alhaji zai saya ita ce mafi arha a duk jirgin. Boeing 737 na da, irin wanda ya cika filayenmu, nauyinsa ba kaya ba fasinja tan talatin da 'yan kai ne har da injina. A cire injina, a cire ƙafafu, a cire kujeru da robobi da audugar gilashin da ke cikin bango wadda ba mai saye, sai a sake lissafi.

A Turai ma ba da daɗewa aka gyara abin ba. Tsakanin 2005 da 2007 Airbus ya yi gwaji a garin Tarbes na Faransa, aka kwance wani A300 daki-daki, aka nuna ana iya amfana da kashi 85 cikin ɗari na nauyinsa. Daga nan aka kafa kamfanin Tarmac Aerosave a 2007, yanzu suna wuce kashi 90. A 2006 kuma aka kafa ƙungiyar AFRA, ita ke fitar da ƙa'idojin aikin tana tantance kamfanoni. Sirrin duka jeri ne: a fara tsiyaye mai da ruwaye a kan daɓen siminti mai magudana, a cire abubuwa masu haɗari, injiniyoyi masu lasisi su kwance kayan da za su sake tashi su rataya wa kowanne takardarsa, sai a ƙarshe mai yanka ya shigo. Suna da wata na'ura kamar bindiga, a ɗora a jikin ƙarfe ta faɗi irin haɗinsa, sai a ware kowanne tulinsa daban.

Dan_Agege77:
To ai ka ga ke nan aikin Turawa ne da masu digiri. Mu 'yan bola ba mu da wuri.

Aliyu_NCAT:
A'a Yaya, kuna da shi. Mataki na ƙarshe naku ne, kuma ba wanda ya kai ku sanin ware ƙarfe. Na ga yara a Agege suna gane farin gaci da jan gaci da ido, suna gane gorar ruwa mai tauri da mai laushi da ƙarar da take yi. Matsalar ita ce ana shigo da ku a matakin farko, inda ba naku ba.

Garba_Owode:
Wannan magana ta shige ni, ƙanena. Kuma gaskiya ne, in muka ware kaya farashinsa daban ne da in muka zuba a haɗe. Kamfanonin narki na wajen Ikorodu da Shagamu su ma sun fi son wararre.

Injiniya_Sabo:
Aliyu ya yi bayani mai kyau, amma in ɗan gyara abu ɗaya kada a ɗauka kashi 90 ɗin nan jirgi yake komawa. Mafi yawan gorar ruwan tsohon jirgi ba ta sake zama jirgi, don ƙusoshin da aka ɗinke ta da su dubbai ne kuma haɗinsu daban, in an narka sai ta gauraya. Kayan mota take zama da makamantansu. Duk da haka riba ce babba, don narka tsohuwa yana cin kusan kashi 5 cikin ɗari ne kacal na wutar da ake ƙonawa wajen fitar da sabuwa daga dutse.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne kayan da ake rasawa, irin wanda Baba Tsohon Loda ya ambata. Kowane kayan jirgi yana da tarihi a rubuce: awa nawa ya yi, sauka nawa ya yi, wa ya gyara shi. Ba takarda, ba kaya. Wasu sassan injin ma adadin tashi aka ƙayyade musu, in sun cika dole a lalata su, a huda ko a yanka, yadda ba mai iya wanke su ya sake sayarwa. A 1989 wani jirgin Partnair ya faɗa teku kusa da Denmak, mutum 55 suka mutu, bincike ya gano ƙusoshin da suka riƙe wutsiyarsa jabu ne. Kada a ce tsohon labari ne: a 2023 aka bankaɗo wani kamfani a Landan, AOG Technics, yana sayar da kayan injin CFM56 da takardun bogi, injin da ke jikin 737 da A320, sai da aka sauke jirage a ƙasashe da dama ana bincike. Alhaji Garba, in ka sayi jirgin nan wani ya zo ya ce ka sayar masa da wani famfo ko bawul da tsada fiye da kilo, ka sani ba ado zai yi da shi ba.

Shamsu_Obalende:
Subhanallah. Wato abin yana iya dawowa jikin jirgin da ni zan hau zuwa Kano.

Injiniya_Sabo:
Kamfanin kirki ba ya karɓar kaya ba takarda, kuma NCAA tana dubawa. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, gara a toshe tun daga tushe.

Kanawa_Dabo:
Ni tambayata, me ya sa ma ake ajiye su a Legas? Garin da ko ƙofar ƙarfe ka sa shekara biyu ta yi tsatsa saboda raɓa da iskar teku. Amurkawa a hamada suke ajiye nasu. A Tucson ta jihar Arizona akwai filin sojan sama na Davis-Monthan mai jirage sama da dubu uku a jere, ga Mojave da Victorville a Kalifoniya. Sifen tana da Teruel, Ostireliya tana da Alice Springs. Mu ma muna da busasshiyar ƙasa. A kai su Kano ko Katsina ko Sakkwato, a yi masana'antar a can, yaranmu su samu aiki a gida maimakon tura kura a Legas. Kano ce fa inda jirgi ya fara sauka a ƙasar nan tun 1925.

Lauya_Bashir:
Tunani mai kyau, amma jirgin da kotu ta ce kada ya motsa, ko wanda tayarsa ta sace shekara biyar, ta yaya zai je Katsina?

Kanawa_Dabo:
Ba waɗanda suka riga suka mutu nake nufi ba, Barista. Na gaba. A yi doka, jirgin da zai yi ritaya ya yi tashinsa na ƙarshe zuwa can tun yana da rai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Aliyu_NCAT:
Na so wannan shawara amma akwai gyara. Arewa ba Arizona ba ce. Daga Yuni zuwa Satumba ruwa ake yi sosai a Kano, sannan ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, injin kuma ba ya shiri da ƙura. A Tucson ƙasar ma tauri gare ta kamar daɓe, ana jan jirgi a kai ba kwalta. Namu sai an yi daɓe, an liƙe kowace kafa. Don ajiya ta shekaru ban tabbata za mu ja hankalin 'yan waje ba. Don kwancewa kuwa, wadda wata biyu ko uku ce, rani ya isa, kuma ya fi Legas nesa ba kusa ba.

Injiniya_Sabo:
Ni kuma zan ce injiniyoyi da rumfunan gyara a Legas suka fi yawa, masu sayen ƙarfe ma nan suke. A fara da daɓe guda mai magudana a wani lungu na Ikeja kafin a yi maganar babban fili. Ba na ƙin Kano, can mahaifata take.

Baba_IdiAraba:
Tunda an ambaci Kano. Yaran yanzu ba su san dalilin da jirage suka mutu da yawa lokaci guda ba. Ranar 4 ga Mayun 2002 jirgin EAS ya faɗa kan gidaje a Gwammaja, mutane fiye da ɗari suka rasu, da na cikin jirgi da na ƙasa. Bayan nan gwamnati ta dakatar da irin jirgin, BAC 1-11, ta kuma hana shigo da wanda ya haura shekara 22. To irin wannan jirgi shi kamfanoninmu da yawa suke da shi a lokacin. Dare ɗaya suka zama ba su da amfani. An yi dokar hana su tashi, ba a yi ta inda za a kai su ba.

Tsohon_Loda:
Haka aka yi Alhaji. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Zee_Yaba:
Ni fa ban ga dalilin yankawa ba sam. Na je Akara na ci abinci a cikin wani DC-10 na tsohon kamfanin Ghana Airways da aka mayar gidan abinci kusa da filin jirgi, tun 2013 aka buɗe shi. A Sitokholm ma an mayar da Boeing 747 masauki a 2009. Me zai hana a kai ɗaya Agege a yi wa yara ɗakin karatu? Yaron da bai taɓa shiga jirgi ba ya shiga ya zauna ya ga ɗakin matuƙa, wallahi sai ya canza masa buri.

Garba_Owode:
'Yar'uwa shawararki ta yi kyau, amma ɗaya ko biyu za a yi wa haka, sauran fa? Kuma fitar da shi aiki ne. Na taɓa ganin ana jan gangar jirgi a kan titi da dare wajen Ikeja, an cire fukafukai, duk da haka sai da hanya ta tsaya, mutane suna ta yaɗa cewa jirgi ya faɗo.

Injiniya_Sabo:
@Zee_Yaba ko ɗakin karatun za a yi, sai an bi matakan farkon nan duka, har ma ya fi wajaba tunda yara ne. Kuma tunda kin ambaci DC-10: shi da 747 na farko-farko an sa musu ƙarfen yuraniyam wanda aka rage wa ƙarfi a matsayin ma'aunin nauyi a wutsiya, saboda ya fi dalma nauyi. Boeing ya koma tangistin a farkon shekarun 1980. A ajiye ba ya cutarwa sosai, amma a sa masa giranda ko wuta a shaƙi ƙurar, wannan musiba ce. Da 747 na El Al ya faɗa kan gidaje a Amstadam a 1992, an yi shekaru ana ce-ce-ku-ce a kan wannan ƙarfe. Ɗan gwangwan in ya tsinci ƙaramin ƙarfe mai nauyin da ya ba shi mamaki, murna zai yi. Shi ya sa tambayar farko ita ce wane irin jirgi ne, wace shekara aka ƙera shi.

Aliyu_NCAT:
Kuma nan gaba lissafin kilo ma zai canza. Boeing 787 rabin nauyinsa zaren kabon ne da aka daskarar da gam, A350 ya ɗan fi rabi. Ba ya narkewa a tukunya. A 2023 aka fara kwance 787 guda biyu a Prestwick ta Sikotlan, kuma har yanzu fitar da zaren da tsawonsa da ƙarfinsa yana ba masana wahala. In irinsu suka fara mutuwa a nan, ba mai zubin tukunyar da zai saya, kuma in aka cinna musu wuta irin yadda ake ƙona waya don a fitar da tagulla, hayaƙin guba ne.

Dan_Agege77:
Duk na ji, kuma na janye maganar a saya kawai. Amma ku faɗi gaskiya, in Alhaji ya ƙi, gobe wani zai saya ya shiga da yara ba takunkumi ba komai. Ƙin nasa me ya gyara?

Nas_Hadiza:
Ya gyara yaransa shi. Su ne amanar da ke wuyansa.

Lauya_Bashir:
Tambayar Dan Agege tana da nauyi. Ni a ganina ƙungiyar 'yan gwangwan ce ya kamata ta rubuta wa FAAN da NCAA da NESREA, hukumar kare muhalli ta tarayya, ta ce kada a ba kowa izinin shiga da abin yanka sai da takardar injiniya cewa an tsabtace jirgin. In sharaɗi ne a bakin ƙofa, mai gaskiya ba zai yi asara don ya bi ƙa'ida ba. In ana so zan rubuta daftarin kyauta.

Kanawa_Dabo:
A sa maganar filin Arewa a cikin wasiƙar.

Lauya_Bashir:
Wannan wasiƙa ce daban, Malam, kuma ma'aikatar sufurin sama za a kai wa.

Garba_Owode:
Jama'a na dawo. Yau da safe na matsa wa dillalin sai da ya haɗa ni da wakilin masu jirgin, aka shiga da ni na gani da idona. 737 ne. Injina babu, kujeru babu, amma yana tsaye kan ƙafafunsa, tayoyi biyu da sauran iska. Da na tsaya ƙarƙashin fiffike na ji warin kananzir, kuma ƙasar wurin ta yi baƙi, ciyawa ba ta fito ba. Na ɗaga kai a ciki na ga 'yan gwangwanayen da Injiniya ya kwatanta, suna nan a jere ba a taɓa su ba. Takardar mallaka sun nuna min kwafi, ta soke rajista sun ce tana hanya. Na ce ba zan ba da ko kafin alƙalami ba sai ta iso, kuma sai an cire kuɗin tsabtacewa daga farashi. Abokan haɗin gwiwata ɗaya ya yarda, ɗaya ya ce ina ɓata lokaci, zai nemi wasu.

Injiniya, in Allah ya sa abin ya yiwu, mutum nawa ake bukata su yi wannan aikin na farko, kuma kwana nawa? Sannan man da aka tsiyaye da gwangwanayen nan, wa ake miƙa wa a Legas?

Injiniya_Sabo:
Ba aikin da zan yi maka ni kaɗai a bayan fage ba ne Alhaji, sai ta hannun rumfar gyara mai lasisin NCAA, su ne za su sa hannu. Ka turo min hoton lambar da ke jikin ƙofar gaba ta hagu da na cikin rijiyar taya, wato ramin da ƙafar jirgi ke naɗewa ta shiga, in ga abin da ya rage. Maganar inda za a kai sharar kuma LASEPA za a tambaya, hukumar kare muhalli ta jihar Legas, su ke da jerin waɗanda aka yarda su karɓi irin wannan.

Maman_Hanifa:
Alhaji Garba, in kun yanka, don Allah kada ka sayar wa masu tukunya.

Garba_Owode:
In sha Allahu Hajiya, kamfanin narki zan kai kai tsaye. Barista, ranar Asabar shugabannin sashenmu suna zama bayan la'asar, ko za ka samu zuwa da daftarin?